Batirin Wa Zai Fara Ƙarewa?

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare.

Duk wanda ya leƙa ajin masu digiri na biyu a sashen kwamfuta ko injiniyan lantarki zai tarar da mutum biyu ko uku suna tesis a kan abu ɗaya, wato netwok na ƙananan sensa marasa waya. Ni ma ina cikinsu. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da ya ja yawancinmu shi ne aikin ba ya neman dakin gwaji ko kayan miliyoyi. In kana da laftof da MATLAB da wurin caji, ka gama shiri. Ina so in yi bayanin abin da Hausa yadda ƙanena da ke NCE zai gane, sannan in faɗi wata magana da ke damuna game da yadda muke yin sa.

Sensa ƙaramar na'ura ce, ba ta fi akwatin ashana girma da yawa ba. Tana auna abu ɗaya ko biyu, zafi, ko damshin ƙasa, ko tsayin ruwa, sai ta aika da abin da ta auna ta rediyo. Ana baza su da yawa a fili, kowacce da batirinta, su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya kai wata babbar tasha da ke da wuta da intanet. Ni ina kiran tashar nan fada, don sunan ya fi zama a bakina. An daɗe ana yin wannan. A 2002 masu bincike daga jami'ar Berkeley sun baza irinsu a wani ɗan tsibiri, Great Duck, a jihar Maine ta Amurka, suna lura da ramukan da tsuntsayen teku ke ƙyanƙyasa ba tare da mutum ya riƙa tattaka wurin ba.

Matsalar duka a batir take. Na'urar da ka dasa a tsakiyar fadama ba wanda zai riƙa zuwa yana mata caji kamar waya. Kuma abin da ke cinye batirin shi ne magana, lissafi bai kai ta ci ba ko kusa. Pottie da Kaiser sun yi wani ƙiyasi a 2000 wanda kusan kowa ke kawo shi a babi na biyu: aika kilobait ɗaya zuwa nisan mita 100 yana cin kusan jul 3, wutar da za ta ishi ƙaramar kwamfuta ta aiwatar da umarni miliyan uku. Ga kuma nisa. A buɗaɗɗen fili, in ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da za ka yi magana da shi ya ninka sau huɗu. In kusa da ƙasa ne, inda sigina ke karo da abubuwa tana dawowa, yana iya ninkawa sau goma sha shida. Ka ɗauka kana kiran mutum daga wancan ƙarshen gona. Ko dai ka yi ihu muryarka ta dushe, ko ka faɗa wa na kusa da kai ya miƙa.

Daga nan tunanin rukuni ya fito. A 2000 Wendi Heinzelman da malamanta biyu a MIT, Chandrakasan da Balakrishnan, suka fitar da tsarin da ake kira LEACH. Maimakon kowace sensa ta yi ihu zuwa fada, sai a raba su unguwa-unguwa. Kowace unguwa da mai unguwarta. 'Yan unguwa su yi masa raɗa daga kusa, kowa da lokacinsa, da ya gama ya kashe rediyonsa ya yi barci. Mai unguwa ya tattara, ya dunƙule saƙonnin, ya kai fada shi kaɗai. Mu da muka taso muna ganin mai unguwa ya kai magana ga dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi ga sarki, ba ma bukatar a zana mana wannan a allo.

Sai dai hikimar LEACH tana wani wuri dabam. Mai unguwa shi ke shan wahala, rediyonsa a buɗe yake yana sauraron kowa, shi ke kuma yin ihun mai nisa. In aka bar masa sarautar, shi zai fara mutuwa. Don haka sai suka mai da ita karɓa-karɓa. Bayan kowane zagaye a sake zaɓe da ƙuri'a, kusan kashi 5 cikin 100 na na'urorin su zama masu unguwa, wanda ya yi kuma ba zai sake ba sai kowa ya ɗana. A gwajinsu na kwamfuta sun nuna ana iya rage cin wuta har ninki takwas idan aka gwada da hanyoyin da aka saba. Bayansu wasu suka yi ta gyara. PEGASIS a 2002 ya jera na'urorin kamar sarƙa. HEED na Younis da Fahmy a 2004 ya ce kafin a naɗa mai unguwa a duba nawa ya rage a batirinsa, kar ƙuri'a ta faɗa kan wanda ke numfashin ƙarshe.

(Duk wanda ya taɓa zama a hostel ya san wannan ba tare da ya karanta takarda ba. Ɗaki ɗaya, mutum ɗaya ke da fawa-bank, wayarsa ce hotspot, shi ne kuma shugaban aji da duk saƙon malami ke bi ta kansa. Kafin Magariba wayarsa ta mutu, ajin gaba ɗaya ba wanda ya ji an dawo da lakcar gobe ƙarfe takwas. Wayoyin sauran kuwa a cike suke.)

To ina ka'idar netwok ta shigo? Ita wannan ilimi ne na kallon abubuwa a matsayin ɗigo da zare. Kowace na'ura ɗigo ce, in biyu suna jin juna sai ka ja zare tsakaninsu. Asalinsa ana kai shi ga Euler a 1736, da ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Königsberg, ya nuna ba za ka iya bin kowace gada sau ɗaya tak ka gama su ba. Abin da ya koya wa duniya shi ne ka manta da kyan gari da tsawon titi, ka dubi me ke haɗe da me. Da wannan idon za ka iya tambayar wane ɗigo ne ya fi maƙwabta, wanne ne hanyoyi suka fi ratsawa ta kansa (Freeman ya ba wannan ma'auni a 1977, a nazarin hulɗar mutane ma ya yi shi), wanne ne kuma in ka cire shi netwok ɗin zai rabe gida biyu. Wannan na ƙarshen ni ina ce masa ɗigon gada. A 2000 Albert da Jeong da Barabási sun nuna cewa netwok mai 'yan manyan cibiyoyi yana jure mutuwar ɗigo barkatai, amma in aka ɗauke cibiyoyin sai ya watse nan da nan. A netwok na sensa ba sai maƙiyi ya kai wa cibiyar hari ba. Aikin da take yi ne ke kashe ta.

Yanzu ga abin da ke damuna.

Buɗe kusan kowace tesis a fannin nan, tawa ma haka na gaji tsarinta. Za ka ga fili murabba'i, mita 100 tsawo mita 100 faɗi. An watsa na'ura 100 barkatai kamar an watsa wa kaji tsaba. Kowacce da batir iri ɗaya. Ba bishiya, ba tudu, ba ruwa, ba akuya. A danna, a jira, a fito da jadawali mai layi biyu, naka a sama na LEACH a ƙasa, a rubuta cewa an tsawaita rayuwar netwok. A yi difens, a ɗauki hoto da riga. Ba raini nake yi ba, filin nan yana da amfaninsa, shi ke ba mu damar gwada aikin wani da na wani a ma'auni ɗaya. Amma na zauna na tambayi kaina, a duk ƙasar Katagum ina ne wurin da muka fi bukatar waɗannan na'urori, kuma yaya siffarsa take?

Amsar da ta zo mini ita ce kogin Jama'are. Yana tasowa daga tsaunukan wajen Jos, a can sama ana ce masa Bunga, ya gangaro ta Jama'are, ya ratsa Itas/Gadau, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum a ƙaramar hukumar Zaki, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe mai zuba a tafkin Chadi. Kogin Haɗeja yana da manyan madatsu a samansa, Tiga tun 1974 da Challawa tun 1992. Namu ba shi da irinsu, dam ɗin Kafin Zaki tun kafin a haife mu ake maganarsa bai kammalu ba. Ma'ana ruwan da aka yi a can sama haka yake tahowa, ba mai riƙe shi. Shi ne arzikin fadamarmu, shinkafa da kifi da noman rani, shi ne kuma ke shigo wa mutane cikin ɗaki da dare. Wanda ya ga daminar 2022 ba sai an ba shi labari ba. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, titin da yawancinmu ke bi mu koma makaranta. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, NiMet na fitar da na damina, kuma suna da amfani. Amma hasashen shekara yana gaya maka ƙaramar hukumarku na cikin haɗari ne. Mai shinkafa a bakin kogi so yake ya ji ko ya kwashe buhunansa yau ko ya bari sai jibi. Ruwa kuwa tafiya yake, in ya cika a sama yana ɗaukar lokaci kafin ya iso ƙasa, saƙon rediyo kuma ya fi shi sauri.

To kogi layi ne. Da ka jera sensa a bakinsa, lissafin filin murabba'i ya tashi daga aiki, kuma ka'idar netwok ce ke nuna maka dalili tun kafin ka sayi ko waya ɗaya.

Ɗauki na'ura goma a jere, fada tana ƙarshe, kowacce na jin maƙwabciyarta kawai, kowacce na aika saƙo ɗaya a awa. Ta can ƙurya saƙo ɗaya take aikawa, shi ke nan. Ta kusa da fada za ta karɓi tara ta aika goma. Batir iri ɗaya, aiki ninki goma da ɗoriya. Ita za ta fara mutuwa, kuma ranar da ta mutu sauran taran, da sauran wuta a batirinsu, sun zama bebaye. A filin murabba'i in ɗigo ya mutu saƙo sai ya zagaya ta wata hanya. A layi kuwa duk ɗigon da ke tsakani ɗigon gada ne. Masana na kiran wannan ramin wuta, wato na kusa da fada su ƙare su bar rami tsakaninta da sauran.

Karɓa-karɓar LEACH ba ta warware wannan. Tsarin ya ɗauka kowane mai unguwa zai iya ihu kai tsaye zuwa fada. A mita 100 haka ne. A kilomita masu yawa na bakin kogi, da ƙaramin rediyo, ba haka ba ne. Kana iya juya sarauta yadda kake so, amma ba za ka juya wa na'ura wurin zamanta ba. Wadda aka dasa kusa da fada tana nan kusa da fada.

Akwai kuma zancen dunƙule saƙo. Idan damshin gona kake aunawa, mai unguwa zai iya haɗa na mutum goma ya fitar da matsakaici, ba a yi asarar komai ba. Amma matsakaicin tsayin ruwa a wuri goma na bakin kogi ba ya gaya wa kowa komai. Abin da ake nema shi ne a ina ya ɗaga, da wane sauri. Saboda haka babbar hanyar da LEACH ke tsimin wuta sai an sake mata tunani, misali mai unguwa ya yi shiru muddin ruwa bai motsa ba, ya aika ɗan gajeren saƙon "ina nan da rai" kawai, sai ruwa ya wuce wani ƙa'idajjen tsayi sannan kowa ya buɗe baki. Wanda ke nufin a daren da aka fi bukatar netwok ɗin, a daren ne zai fi shan wuta. Kuma daren nan a Agusta yake zuwa, lokacin da hadari ya yi kwanaki yana rufe rana, ɗan faifan solar da ka ɗora bai cika batir ba.

Ko ma'aunin Freeman sai an yi hattara da shi. Na ga takardu da ke zaɓen mai unguwa da shi yadda yake. Shi kuwa yana ƙirga hanyoyi tsakanin kowa da kowa ne, don haka a layi zai nuna maka na tsakiya ne ya fi ɗaukar kaya. Amma sensa ba sa hira da juna, duk maganarsu fada take nufa. In ka ƙirga hanyoyin da ke zuwa fada kaɗai, sai nauyin ya koma kan na bakin ƙofa. In ka matsar da fada kuma, taswirar nauyin gaba ɗaya ta canza. Wannan yakan tuna mini cewa hedikwatar masarautarmu da kanta a garin Katagum take, sai a 1916 aka dawo da ita Azare, hanyoyi da kasuwa da zirga-zirga suka bi ta.

Wani abin da ba ka gani a MATLAB shi ne zaren da ke tsakanin ɗigo biyu ba dawwamamme ba ne. Ka gwada na'urori biyu a watan Maris, gona fayau, suna jin juna sarai. Ka dawo a Agusta dawa ta fi mutum tsayi, ganye jiƙe da ruwa, rediyon Zigbee mai aiki a gigahaz 2.4 kuwa ba ya shiri da jiƙaƙƙen ganye. Zaren ya tsinke ba tare da batirin kowa ya ƙare ba. Ke nan netwok biyu gare ka, na rani da na damina, na daminar kuma shi ne mai muhimmanci. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana tsofar da batir, ga ƙurar hunturu a kan faifan sola. Ga kuma ɗan Adam: faifan sola a kan sanda a daji, ba mai gadi, kowa ya san ƙarshen labarin.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Bayan guguwar Mitch ta 1998 ta yi ɓarna a Honduras, Elizabeth Basha da Daniela Rus na MIT sun yi shekaru suna gwada netwok na sensa don gargaɗin ambaliya a kogin Aguán. Tsarinsu hawa biyu ne, ƙananan na'urori masu magana kusa, da 'yan manya masu rediyon da ke kai saƙo nesa. Wannan ya yi daidai da abin da Watts da Strogatz suka nuna a 1998, cewa 'yan dogayen zare kaɗan da ka ƙara a netwok suna rage yawan zangon da saƙo zai yada ƙwarai da gaske. Yau muna da LoRa, rediyo mai araha da ke kai ɗan gajeren saƙo kilomitoci da wuta kaɗan. Wani abokina ma cewa ya yi tunda akwai LoRa, zancen rukuni ya mutu, kowa ya yi magana da fada kai tsaye. Ban yarda da shi duka ba. LoRa ma in ka nemi nisa sai saƙon ya daɗe a iska, daɗewar nan kuma batir ce. Kogin kuma ya fi ƙarfin tasha ɗaya. Tambayar tana nan: a ina za a ajiye 'yan manyan, guda nawa, kuma wa zai ɗauki kayan wa.

Abin da nake ƙoƙarin yi a tesis ɗin ke nan. Na zana layin kogin daga taswira maimakon murabba'i. Unguwannin da ke kusa da fada na ƙanƙanta su, don mai unguwarsu ya rage wa kansa aikin cikin gida ya samu ƙarfin miƙa na nesa, dabarar da aka sani tun wajen 2005. Fada fiye da ɗaya, a garuruwan da ke da sabis ɗin waya. Duk inda lissafi ya nuna ɗigon gada, a sa na'ura biyu su riƙa karɓar juna. Masu unguwa na dindindin, masu babban batir, a ɗora su a rufin makaranta ko masallaci ko ƙofar gidan dagaci, inda akwai idon jama'a. Sannan na canza ma'aunin nasara. An saba ƙirga zagayen da na'urar farko ta mutu, da na rabi, da na ƙarshe. Ni ina ƙirga ranar da ƙauyen farko ya daina jin abin da ke faruwa a samansa, ko da na'ura 95 cikin 100 suna raye.

A semina an ja ni a kan wannan. Wani malami ya ce in na bar filin da kowa ke amfani da shi, da wa zan gwada sakamakona, kuma wace mujalla za ta karɓa? Tambaya ce mai nauyi, kuma yana da gaskiyarsa, digiri muka zo nema, wa'adi kuma ba ya jira. Sufabaizana ya raba gardamar, ya ce in yi duka biyun, babi ɗaya a murabba'i don masu duba takarda, babi ɗaya a kogi. Aiki ya ƙaru, samista ɗaya kuma wataƙila ta ƙaru da kuɗin makarantarta. Na karɓa.

Abin da ya rage shi ne awo na zahiri. Mun haɗa kuɗi da wani ɗan ajinmu mun sayi allunan LoRa guda uku da batiran 18650. Da an yi hutu zan je gida in auna nisan da suke jin juna a fadama da rani, in sake komawa wuraren nan dai idan dawa ta yi kai, in ga nawa ne zaren ya rage. 'Yan uwa na Jama'are da Itas da Gadau da Zaki, da ku da ke karatu a Gadau ko Kwalejin Aminu Saleh, akwai abin da kuka fi taswirata sani: ta wace kusurwa ruwa ke fara shigowa garinku, wane tudu ne bai taɓa nutsewa ba, kuma a ina ake tsayawa a samu sabis. Wanda ya san na garinsu ya neme ni, ina bukatarsa kafin in sa ɗigo na gaba.